Ya Fita

Sunansa Garba, haka aka raɗa masa a Zariya, amma tun ranar da ya sauka unguwar Nima ta birnin Akra mutanen zango suka ja sunan ya koma Gariba. Ya yi gyara har ya gaji. Magini ne ɗan magini, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Ya zo Akra da rani, a shekarar da yaƙin Turawa ya sa kwanon rufi ya ɓace daga kasuwa, shi da matarsa Ƙaltume tana da ƙaramin ciki. Suka sauka a gidan Baba Moro, wani tsohon ɗan sanda da ya ajiye aiki, haifaffen zango, wanda bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a bakin fatake.

Da rana Gariba yana aikin gini a barikin soja, inda ake jera bulon siminti da igiya, aikin da ya ce ko makaho zai iya. Da yamma kuma ya zauna a ƙofar gida yana gyara wa mutane Hausa, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Hausar zango ba ta san mace ba. Kowa namiji ne, daga kaza har uwar da ta haife ka, kuma wannan abu yana ci wa Gariba tuwo a ƙwarya.

Damina ta zo ta yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta cika kwarin da ya raba Nima da Maamobi, sannan ta ɗauke da wuri. Sama ta tsaya fari-fari, ƙasa ta bushe. Gariba ya duba gabas ya duba yamma, ya ce ashe daminar bakin teku gajeriya ce. Ya roƙi Baba Moro ɗan filin da ke bayan gida, inda ƙasa ta fara gangarawa zuwa kwari, ya ce zai yi wa iyalinsa ɗaki kafin haihuwa.

“Fili naka ne, Magini,” in ji Baba Moro. “Amma ka jira kaɗan. Damina bai gama ba. Ya tafi hutu ne, zai dawo.”

Gariba ya yi dariya. “Baba, damina mace ce. Ba ta gama ba ake cewa. Kuma ta gama. A wace ƙasa damina ke zuwa sau biyu?”

“A wannan ƙasa,” in ji tsohon, ya ci gaba da tauna goronsa.

Gariba ya ɗauka ruwan ban kwana tsohon yake nufi, ɗan yayyafin nan ɗaya ko biyu da ake yi a gida kafin a yanke gero. Ya yi kunnen uwar shegu, ya kama aiki. Ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali ya shanya. Babu giginya a wurin, sai ya tsaga kututturen kwakwa ya yi azara. Maƙwabta duk jinka suke ɗorawa, masu hali su buɗe garwar kananzir su rufa, bakin rufin ya zarce bango don ruwa ya sauka nesa. Shi kuwa soro ya yi irin na gida, rufin ƙasa shimfiɗaɗɗe, da indararo, har da zanko a kusurwa. Abu ɗaya ya rage, makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi don ruwan sama ya zame kada ya shiga. Babu ɗorawa a Akra. Ya yi wa fataken shanu sautu, bai kuwa damu ba, don a lissafinsa rani guda cur yana gabansa.

Ɗakin ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ba zai musa ba. Matan ƙabilar Ga masu tallan dokunu, tuwon masarar ƙasar, sukan tsaya da kwando a ka suna kallo. Wasu tsofaffi da suka baro gida tun suna samari suka zo suka shafa bangon, ɗaya har ya share ido da bakin riga. Gariba kuwa kullum sai ya sami wanda zai ja ya nuna masa kaurin bango.

A cikin ɗakin Ƙaltume ta haihu. Gariba yana dawowa daga bariki Baba Moro ya tare shi a hanya, yana ɗingishi da sandarsa.

“Magini! Matanka ya haihu! Namiji!”

Ko a wannan lokacin Gariba bai iya haƙuri ba. Yana dariya, hawaye na zuba, ya ce, “Baba, mace ɗaya gare ni. Matarka ta haihu ake cewa.”

“Ka gane ko ba ka gane ba?”

“Na gane.”

“To.”

Aka yi suna, aka raɗa wa yaro Mansuru. Matar Baba Moro, Iya Awabu, ita ta karɓi jego, ta kuwa karɓe shi da hannu biyu. Mutanen zango, ɗan abin da ya rage musu na gida sun fi ’yan gida riƙe shi, kuma Iya Awabu ta gaji wankan jego daga uwarta ba ragi. Ta sa Gariba ya ɗora gadon ƙasa a cikin ɗakin, ana hura wuta a ƙarƙashi. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, ta kai Ƙaltume ɗan kewayen zana da ke manne da bayan ɗakin, taku biyu daga ƙofa, ta yi ta fyaɗa mata ruwan da ganye har tururi ya rufe su. Daga nan sai kunun kanwa da gado mai zafi. Mai jego ba ta taka tsakar gida sai ta yi arba’in.

Bayan suna da ’yan kwanaki ruwan ya dawo.

Bai zo da hayaniya ba. Babu tsawa, babu iska mai kwashe jinka. Da safe dai aka tashi aka ga gajimare ya taso daga wajen teku ya rufe gari, sai yayyafi siriri, wanda mutum zai yi tafiya a cikinsa bai sani ba sai ya ji rigarsa ta yi nauyi. Babu sanyi babu zafi. Ya yi ya tsaya, rana ta leƙo kamar za ta fito, kafin mata su gama shanya ya sake dawowa. Washegari ma haka. Mutane suka ji daɗinsa. Masu rogo da masara a bayan kwari suna ta hamdala, yara suna wasa a ciki tsirara.

Mutum ɗaya ne a Nima bai ji daɗinsa ba. Gariba ya san abin da ubansa ya koya masa tun yana miƙa tubali: ruwa mai ƙarfi ba ya kashe gini, yakan daki bango ya gangara, rana ta fito ta busar. Mai kashe gini shi ne ruwa mai ladabi, wanda ba ya gaggawa, yana shiga ƙasa a hankali ba ya ba ta damar shan iska. Ga soro babu makuba. Ga ruwan wanka safe da yamma yana kwanciya a gindin bangon baya, wajen gangare, inda nauyin ɗakin duka ya jingina. Ya hango wannan duka a rana ta biyu yana tsaye a ƙarƙashin indararo.

Bai gaya wa kowa ba. Da asuba, in ya dawo masallaci, yakan zagaya baya ya ɗora tafin hannu a bango. Da farko sanyi ya ji. Daga baya ya danna da babban yatsa, yatsan ya bar shaida. Tururuwa suka fara fitowa a jere daga gindin bangon ɗauke da ƙwayayensu farare, suna neman tudu. Ƙofar da ya sa da hannunsa, wadda take rufuwa da ɗan yatsa, ta fara cijewa sai an ɗaga ta. A saman ƙofar wata tsaga ta bayyana, siririya, tsinken tsintsiya ne kawai zai shiga. Ya kwaɓa ƙasa a ɓoye ya liƙe ta kafin ya tafi aiki. Da ya dawo da yamma ta buɗe, ta kuma ƙara tsawo.

Ya daina gyara wa mutane Hausa. Ya daina jan baƙi zuwa ganin bango. A bariki ma bulo ya suɓuce masa ya fashe, abin da bai taɓa faruwa ba. In ya shiga ɗakin ya ga Ƙaltume kwance a kan gadon ƙasa, yaro a ƙirjinta, sai idonsa ya haura sama ya tsaya a kan azara, yana auna nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke bisa kansu.

Ya sami Baba Moro a zaure, ya yi kamar hira ce kawai.

“Baba, wannan ruwan naku, yaushe yake ɗaukewa?”

“Ai ya fara ke nan,” in ji tsohon cikin fara’a. “Jiya na je kasuwan Makola, masu kifi suka ce kwanakin nan duka haka ne. Yau ya zo, gobe ya tafi, jibi ya dawo. Amma kada ka ji tsoro, Magini. Ba zai yi ƙarfi ba. Ƙaramin yayyafi ne kawai, kullum kaɗan-kaɗan.”

Da tsohon ya ce guguwa ce ke tafe, da Gariba ya fi samun natsuwa. Ya yi godiya ya tashi.

A ranar ya yi ta maza ya nufi Iya Awabu. Tana bakin murhu a ƙarƙashin rumfa tana iza wutar ruwan wanka, matan haya biyu suna gefe suna tsince shinkafa.

“Iya, da za a mayar da ita ɗakinki na ’yan kwanaki, da yaya?”

Iya Awabu ta ɗago. “Don me? Ɗaki yana da wani abu?”

Matan nan biyu suka daina tsince shinkafa. Ɗayarsu mijinta ne Gariba ya taɓa ce wa jinkarsa ta yi kama da akurkin kaji. Maganar tana bakinsa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya dubi zankon da ya tsaya a sama cikin yayyafi, ya dubi matan.

“Ɗaki lafiyarsa lau,” ya ce. “Na ga dai hayaƙi ya yi yawa.”

“Hayaƙi magani ne. Ɗana, kai namiji ne, ba ka san jego ba. Mai jego jikinshi ɗanye ne. In ya taka ƙasa mai ruwa a wannan lokaci, sanyi ya shiga, shi ke nan. A Sabon Zongo na ga wani yarinya, ya fita ɗaukan zane a igiya kawai. Ƙafa ya kumbura, fuska ya kumbura, kafin arba’in mun wanke shi mun kai. Ɗakina babu gadon wuta. Ba ya fita, sai dai in bayan raina.”

Gariba ya koma da tsoro biyu maimakon ɗaya. In ta zauna, soro. In ta fita, sanyi. Ya gaya wa kansa cewa don sanyin ne ya yi shiru, kuma wani sashe na zuciyarsa ya yarda.

Safiyar da abin ya faru, ya ɗaga kai ya ga bakin azara ɗaya ya nutse cikin bangon baya, ƙasar da ke kewaye da shi ta yi laushi ta kumburo. Yanzu kam tsagar saman ƙofa yatsa yana shiga. Bai tafi bariki ba. Ya ɗauki gatari, ya ce a ransa in ya sami gwafanni masu ƙarfi ya tokare azarar daga ciki, ya kuma tallafe bangon daga waje, ɗakin zai kai ƙarshen ruwan. A lokacin Maamobi ’yan bukkoki ne da gonaki, bayansu kuma daji, itace ba ya wuya.

Ƙaltume tana zaune a bakin gado tana ba yaro nono. Mace ce mai ƙarancin magana, tun suna Zariya. Ta dubi gatarin, ta dube shi.

“Maigida, babu abin da za ka faɗa mini?”

“Babu. Ki zauna, yanzu zan dawo.”

Ta ce, “To. A dawo lafiya.”

Da zai tafi ruwan kwarin iyakarsa idon sawu, ya tsallake a kan duwatsu. Ya shiga daji ya yi ta sara kamar mai faɗa da itacen, yayyafi na sauka a wuyansa. Samun gwafa miƙaƙƙiya mai kauri ba abin gaggawa ba ne, sai da hantsi ya wuce kafin ya haɗa abin da yake so ya ɗaure da kalgo. Bai lura ba cewa can wajen tudu, inda kwarin ya faro, gajimaren ya fi duhu. Da ya dawo bakin kwari da kaya a kafaɗa, duwatsun da ya taka sun ɓace. Ruwa ja yana gudu da ƙara, ɗauke da karan masara da tsummoki.

Yana tsaye yana neman mashiga ya ji shi. Ba ƙara ba ce mai tsanani. Wani dim ne mai nauyi, wanda aka fi ji a tafin ƙafa, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Wani ba zai kula ba. Gariba ya taɓa jin irinsa sau ɗaya yana yaro, a Zariya, kuma ya san babu abin da ke yin wannan sautin sai soro in ya zauna. Gwafannin suka zube daga kafaɗarsa.

Daga inda yake ba a hango bayan gidan Baba Moro, jinkokin maƙwabta sun tare. Amma zankon ana hango shi daga ko’ina, don haka ma ya yi shi. Ya duba, babu zanko.

Ya ji ihun mata sama-sama. Can sai ga Baba Moro ya ɓullo a ɗaya gaɓar, cikin tsohuwar rigar ruwansa ta ’yan sanda, yana ɗaga sanda. Ya haɗa hannu a baki.

“Magini! Ɗaki ya faɗi!”

“Su fa? Baba, su fa?”

Ruwa ya cinye rabin amsar. Abin da ya iso kunnensa kalma biyu ne.

“Ya fita!”

“Wa? Wa ya fita?”

“Ya fita! Ya fita!” Tsohon ya kaɗa sandar, ya yi masa alama da hannu ya jira ruwa ya ragu, sannan ya juya ya hau gangaren da ɗingishinsa, kamar wanda ya sauke nauyin da ke kansa.

Gariba ya tsaya da kalmar nan a kunne. A Hausar da uwarsa ta koya masa, namiji ne ya fita. Namiji ɗaya ne a ɗakin, kuma jariri ba ya fita da ƙafarsa, sai dai in wani ya zaro shi. Wato an sami yaron, ita kuwa tana ƙarƙashi, a kan gadon da ya ɗora mata, inda ya ce ta zauna. Sai wata zuciyar ta ce a’a, Baba Moro ne ya yi maganar, a bakinsa kowa namiji ne, ita yake nufi. To in ita ce ta fita, ai mutum ɗaya ya ambata. Da su biyu ne da ya ce sun fita, wannan kam ko Hausar zango ta san shi. Ya juya kalmar ta nan, ya rasa mata. Ya juya ta can, ya rasa ɗa. Ya ji kansa yana roƙon Allah, sai ya tsaya cak, don ya gane bai san wanne yake roƙo a bar masa ba, kuma tsoron ya zaɓa ya fi komai tayar masa da hankali.

Ya sunkuya ya zari gwafa ɗaya, ya shiga ruwan.

Ruwan ba sanyi, wannan ma ya ba shi haushi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, a tsakiya ya kai ƙirji. Ƙasa tana gudu daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya kafa gwafar ya jingina, ya ja ƙafa ɗaya, ya sake kafawa. Wani kututture ya daki haƙarƙarinsa ya juya shi, ya sha ruwa, hularsa ta tafi, amma bai saki itacen ba. Da ya kama ciyawar ɗaya gaɓar ya ja jikinsa ya fito, bai tsaya ya yi numfashi ba. Ya hau gangaren da hannu da ƙafa, yana zamewa a jar laka.

Inda ɗakin yake, tudun ƙasa ne. Bangon baya ya kwanta waje, soron ya sauko ciki gaba ɗaya, azara sun yi cirko-cirko. Wani siririn hayaƙi yana fitowa ta wata kafa, daga wutar gadon jego da ba ta gama mutuwa ba. Maza uku ko huɗu suna kai, suna jan itace, ɗaya da fartanya.

Suna tono. Abin da ya gani ke nan. Ya yi wata ƙara da shi kansa bai san tasa ba ce, ya ture mai fartanyar ya faɗa kan tudun, daidai inda ya san gadon yake. Ya yi ta yaƙushin ƙasa da hannu, ƙasar da shi ya kwaɓa, yana jin ciyawar da ya yanka a cikinta. Farcensa ya ɓalle bai ji ba. Ya ci karo da fasasshiyar ƙwaryar kunu. Ya ci karo da bakin zane, ya ja, zanenta ne mai ruwan bula, ya fito fayau babu kowa a ciki. Yana kiran sunanta, sunan da bai taɓa kira a gaban mutane ba.

Aka riƙe kafaɗarsa da ƙarfi. Tsohon ɗan sanda bai manta da kamu ba.

“Magini! Kai, Magini! Me kake nema? Tukunya suke cirewa. Na ce maka ya fita!”

“Wa?” Ya kama rigar tsohon da hannuwa masu laka. “Don girman Allah, Baba, wa ya fita?”

“Matanka mana!”

Gariba ya rufe ido. “Yaron fa?”

Baba Moro ya dube shi da mamaki, kamar an tambaye shi ko ruwa yana jiƙa mutum. “Yaro yana bayanshi. Ina kake so ya kasance? Mai jego da goyo, wa yake ƙirga su biyu?”

Gariba ya saki rigar tsohon. Ya zauna a kan ƙasar ɗakinsa, ruwan kwari na tsiyaya daga rigarsa. Sai da mutum biyu suka kama shi suka miƙar.

A ɗakin Iya Awabu aka cika kasko da garwashi, har biyu. Ƙaltume tana zaune a tsakaninsu an lulluɓe ta da duk bargon da ke gidan, yaro yana barci a cinyarta da ɗan bakinsa a buɗe. Iya Awabu tana murza mata tafin ƙafa da man kaɗe, tana faɗa, tana kuka, duk a lokaci guda. Da ta ga Gariba a bakin ƙofa ta juyo masa da faɗan.

“Ka gani? Ka ga taurin kai? Ina cikin ɗakin naku ina dama kunu, ya tashi ya goya yaro, ya kifa ƙwarya a kai, ya fita cikin ruwa ba takalmi! Na bi shi ina zagi. Na ce koma, koma, za ka kashe kanka! Mun kai tsakar gida ina jan hannunshi, sai na ji bayana...” Ta saki ƙafar ta rufe fuska da gyale, ta fita tana salati.

Suka rage su biyu da yaron. Gariba bai shiga ba, ya durƙusa a bakin ƙofa, laka na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

“Yaya aka yi kika sani?”

“Ƙasa ta zubo a cikin kunu,” in ji Ƙaltume. Ta gyara wa yaron wuya. “Amma ba yau na sani ba. Tun ranar da ka daina yabon ɗakin. Kullum da asuba ina jin tafin hannunka a bayan bango, daidai kaina.”

“Me ya sa ba ki yi magana ba?”

Ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi sauƙi.

“Ginin naka ne, Maigida. Na ce kai za ka faɗa. Na yi ta jira, har yau da safe na tambaye ka.”

A waje yayyafin ya tsagaita, wata ’yar rana ta leƙo a kan jinkoki, amma can wajen teku wani gajimaren ya riga ya taso. Gariba ya ja jiki ya zauna a dokin ƙofar, ya ba ɗakin baya, yadda iska ba za ta shiga ta same ta ba. Arba’in da saura, kuma ta taka ƙasa mai ruwa. Wannan tsoron zai zauna da shi kwanaki, yana duban ƙafafunta kowace safiya.

Labari ya riga ya zaga unguwa, mutane suna ta shigowa jaje. Wani dattijo mai sayar da goro, cikin waɗanda suka taɓa shafa bangon, ya tsaya a kansa yana haki, idonsa a kan tudun ƙasar.

“Innalillahi! Magini, matanka fa? Yana ciki?”

Gariba ya share fuska da bayan hannu, ya ƙara shafa mata laka.

“Ya fita, Baba,” ya ce. “Ya fita.”